Koyon Nancaku Ba Tare da Fasa Kai Ba

Nancaku sanduna biyu ne gajeru, kowace tsawonta kamar santimita 30, an haɗa kawunansu da igiya ko sarƙa. Wanda ya tashi a Sabon Gari ko Samaru a Zariya ya san shi ko da bai riƙe sunan ba, domin da wuya a samu layin da wani yaro bai taɓa raba ƙotar mofa gida biyu ba, ya buga mata sarƙar kare da ƙusa, ya koma bayan gida yana wulwulawa. Abin da ba a cika faɗa wa yaron nan ba shi ne, mutum na farko da wannan makami yake duka shi ne mai riƙe da shi. Mafi yawan raunin nancaku ba a wajen faɗa ake samunsa ba. A wajen koyo ake samu, mutum shi kaɗai, babu abokin gaba a kusa.

Asalinsa daga tsibirin Okinawa ne a kudancin Japan, inda ake koyar da shi cikin tsarin sarrafa makamai da ake kira kobudo, ɗan uwan karate. Masana tarihi sun rabu kan tushensa: wasu sun ce daga wani irin linzamin doki na katako aka samo shi, wasu sun ce daga abin bugun hatsi. Wanda ya fito da shi duniya kuwa Burus Li ne, a fim ɗin Fist of Fury na 1972 da Enter the Dragon na 1973. Ta wannan hanya ya iso mana, ta silima da gidajen kallo na bidiyo, yau kuma ta YouTube da TikTok a wayar hannu. Hukumomi a wasu ƙasashe sun ɗauki abin da zafi. Jihar New York ta haramta mallakarsa a 1974, dokar ba ta faɗi ba sai da kotu ta soke ta a 2018. Hukumar tace fina-finai ta Birtaniya ta yi shekaru tana yanke duk wurin da ya fito a fim, har zuwa 1999. A Jamus da Kanada haramtaccen makami ne. Mutanen Holan suka bi wata hanya: tun cikin shekarun 1980 suka mayar da shi wasan gasa, amma da sanduna masu rufin soso, kuma kowane ɗan wasa da hular kariya a kansa. Wannan hanya ta ƙarshe ita nake so mai koyo a Zariya ya ɗauka.

Dalilin da ya sa yake cin mai shi a bayyane yake idan ka dubi ƙirarsa. Sandar da ke hannunka kana iko da ita. Ɗayar kuwa ba ka da iko da ita kai tsaye, sai abin da igiya ta isar mata. Majajjawa ce wadda dutsenta ba ya barin igiya: duk ƙarfin da ka zuba mata, in bai sauka a wani wuri ba, zai zagayo ya same ka. Ƙarshen sandar da ke sake yana gudu fiye da hannunka nesa ba kusa ba, kuma duk ƙarfin yana tattaruwa ne a ɗan bakin katako da bai wuce faɗin babban yatsa biyu ba. Saboda haka ilimin farko a nan shi ne sanin yadda ake tsayar da shi. Juyawa kowa yana iyawa a rana ɗaya.

Fara da kayan aikin. Kada ka koya da katako, ko da malaminka da katako ya koya. Na koyo za ka iya haɗa shi da abin da ke cikin kasuwar Sabon Gari. Ka sayi siririn bututun roba irin na wayarin lantarki, ka yanka biyu daidai da juna, kowane tsawonsa daga tsakiyar tafin hannunka zuwa gwiwar hannu. Ka je wajen masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ka nemi baƙin soson nan da suke sa wa bututun jan ƙarfe, ka zura bututunka a ciki, ka bar soson ya zarce bakin bututun da kamar faɗin yatsa, ka cusa guntun soso a ramin, sannan ka naɗe duka da salatif. Wannan zarcewar tana da muhimmanci, domin bakin bututu tsirara yana yanka fata kamar yadda katako yake fasa ta. Igiya kuwa ta nailan mai kauri, sabuwa. A huda bututun gefe da gefe a wuri biyu, a zura igiyar ta ratsa ramukan ta dawo, yadda ko ƙulli ɗaya ya kwance ba za ta zare gaba ɗaya ba. Tsawon igiyar da ke tsakanin sandunan ya zama faɗin tafin hannunka: ka ɗora ta a kan tafin, sandunan biyu su sauko gefe da gefe a miƙe. In ta fi haka tsawo sandar za ta riƙa yawo inda ba ka aike ta ba, in ta gaza kuma za ta riƙa matse maka yatsu.

Irin wanda yara suke haɗawa da ƙusa ko sukuru a tsakar kan katako shi ne mafi haɗari, kuma ba ga mai shi kaɗai ba. Ƙusar da aka buga bin tsawon katako ba ta da abin kamawa. Kowane juyi yana ɗan zaro ta, har ranar da sandar za ta fice ta tafi da gudunta, ta sauka a kan wanda tsautsayi ya ajiye a wurin. Na ƙarfe da ake kai wa masu walda su haɗa da bututun ruwa kuwa, ban ga wani amfaninsa ga mai koyo ba ko kaɗan. Kuskure ɗaya da shi ya isa ya karya ƙashi.

Idan lokacin katako ya yi, ka kai wa kafinta aikin da kanka ka tsaya a kai. Ka ce masa, Malam, busasshen katako nake so marar gaɓa da tsaga, a goge bakin ya zama mulmulalle, kada a shafa masa fenti mai santsi. Iskar hunturun Zariya tana busar da katako har ya tsage, kuma tsagar takan fara ne daga ramin igiya. Don haka kafin kowane atisaye ka duba wurin, ka ja sandunan biyu da ƙarfi ka ji ko akwai abin da ya saki, ka murza igiyar tsakanin yatsu ka ga ko ta fara gashi a inda take gogar bakin rami. In ta fara, canza ta a ranar. Mai sarƙa da boris shi ma a duba mahaɗarsa, domin ƙura tana shiga ta cinye ta, sarƙa mai tsatsa kuma tana tsinkewa ba tare da ta yi sallama ba.

Sai wurin atisaye. Ɗakunan haya na ɗalibai a Samaru ba wurin wannan aiki ba ne: rufi a kusa, fanka a sama, ƙwan lantarki, ga abokin zama a kan katifa. Ka fita fili. Ka miƙa hannu da nancakun a warware, ka juya ko'ina, ka tabbata babu abin da yake taɓawa, sannan ka ƙara taku biyu a kan haka. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya, babban abin tsoro ƙananan yara ne. Yaro ɗan shekara uku ba ya sallama, sha'awar abin da ke juyawa ce take jawo shi, ta bayanka yake zuwa, kuma kansa daidai yake da inda sandar take wucewa in ka kai ta ƙugu. Ka ba bango baya da tazara, ka fuskanci ƙofa, ko ka bari sai sun tafi makaranta. In an ɗauke wuta da dare, atisaye ya ƙare. Kada ka tsaya kan tayil da silifas. Ko takalmi mai kama ƙasa, ko ƙafa tsirara a kan ƙasa mai laushi.

Tufafi ma suna da nasu. Hannun kaftani mai faɗi yana kama sandar ya karkatar da ita zuwa fuska. A cire agogo da zobe da tabarau na gilashi. 'Yan mata masu koyon karate ko tekwando da suke son ƙara wannan, su sa hijabi ƙarami su cusa bakinsa cikin riga. Da hunturu, wanda ya shafa man basilin saboda kaushi ya wanke tafinsa da sabulu kafin ya riƙe sanda, da bazara kuma ya ajiye tsumma kusa don gumi. Ko da na soso kake koyo, robar kare haƙora irin ta 'yan damben zamani ba ta da tsada, kuma ranar da ka fara taɓa katako ka sa hular kwano ta babur. Babu abin kunya a ciki.

Yanzu riƙo. Ka tsaya ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwoyi a ɗan sake. Hannun da ba ya aiki ka manna shi a ƙirji, domin in ka bar shi yana reto a gefe, yatsunsa ne za su fara shan duka. Ka kama sandar kusa da igiya, ka bar kamar faɗin yatsu uku. Masu bin tsarin Okinawa sukan kama can ƙasa don samun nisa da ƙarfin bugu, amma wannan na gaba ne. Riƙon kusa da igiya ya fi ba sabon hannu iko. Babban yatsa da manuni su ne masu riƙo, sauran ukun suna sassautawa suna matsewa gwargwadon tafiyar sandar. Wanda ya damƙe da dukkan ƙarfinsa wuyan hannunsa zai sandare, juyin ya koma kafaɗa, sandar ta fara fita daga layinta.

Darasi na farko lilo ne kawai, gaba da baya a gefen jiki, a hankali yadda idonka yana bin sandar. Ka lura da layin da take bi. Muddin layin nan yana gefenka, bai ratsa ta jikinka ba, ba za ta same ka ba. Duk dukan da mai koyo yake sha, layin ne ya karkace ya bi ta kansa ko gwiwarsa.

Na biyu shi ne tsayarwa, kuma a nan nake so ka daɗe. Ana tsayar da nancaku a kan tsoka, ba a kan ƙashi ba: ƙarƙashin hammata, bayan damtse, gefen ƙugu, cinya. Ɗauki na ƙugu. Ka kawo sandar a gicciye daga dama zuwa hagu, kada hannunka ya tsaya a iska. Ka kai shi har ya kusa taɓa ƙugun hagu, yadda igiyar ce za ta lanƙwasa a jikinka, sandar ta kwanta da tsawonta a bayanka ta dawo da kanta. In hannun ya tsaya nesa da jiki, ko ya yi sama, bakin sandar ne zai sauka shi kaɗai a kan haƙarƙari ko gwiwar ɗaya hannun. Na hammata kuma, ka ɗaga gwiwar hannu kaɗan, sandar ta shigo, ka rufe a kanta. Ka maimaita waɗannan har sai jikinka ya daina zabura in sandar ta taho. Mai zabura yana runtse ido, wanda ya runtse ido kuma ya saki layi.

Sai bayan haka za ka shiga miƙa sandar ta kan kafaɗa, wanda shi ne abin da kowa yake gani a fim yana sha'awa, kuma shi ne ya fi fasa ƙeya. Hannun dama ya tashi ya tsaya a wajen kafaɗa, ba kusa da kunne ba, gwiwar hannu tana kallon gaba. Sandar za ta faɗa bayan damtse. Hannun hagu ya riga ya ratsa ƙirji yana jira a ƙarƙashin hammatar dama, tafi a buɗe, yatsu a haɗe. Sandar ce take zuwa ta sami tafin, ba tafin ne yake farautarta ba. In ka ji ta a ƙeya, hannunka ya matso kunne. In ka ji wani zafi kamar wutar lantarki ya tsarga daga gwiwar hannu zuwa ƙaramin yatsa, ka buɗe gwiwar waje, sandar ta sami jijiyar da ke bi ta bayan ƙashin. Juyin da ke zana lamba 8 a gabanka ya biyo baya, da hannu a miƙe gaba yadda mahaɗar layukan ba za ta zo kusa da fuska ko gwiwar ƙafa ba. Ratsawa ta tsakanin ƙafafu, da zagaya wuya, da jefawa sama a cafe, ka bar su sai a gaban malami.

Idan sandar ta ƙwace maka, kada ka kai hannu cafka. Ka miƙa hannun da ke riƙe nesa da jiki, ka yi ƙasa da shi, ta ƙarasa lilonta ta mutu. In ta suɓuce gaba ɗaya, ja da baya ka bar ta ta faɗi. Kuma kada ka gwada ƙarfinta a jikin bango, ko bishiya, ko turken lantarki, balle tsohuwar taya: abu mai tauri yana maido da ita ta hanyar da ba ka zata ba, galibi zuwa yatsu ko goshi. In za ka koyi bugu, ka rataye buhu cike da tsummoki, ka bar bugun ya wuce ya ƙarasa zuwa ƙugu. Minti 15 zuwa 20 sun isa a zama ɗaya, hannu biyun duka, domin gajiya ce take kawo yawancin kuskure. Ciwon wuyan hannu ko gwiwar hannu da yake kwana ya tashi da kai alama ce ta a huta kwanaki.

Duk da haka za a bugu, don haka ka san wanne ne na gida wanne ne na asibiti. Ƙululu a goshi ko kumburi a hannu, ka naɗe ƙanƙarar fiyawota a tsumma ka ɗora minti 15 zuwa 20, ka ɗaga, ka sake bayan awa biyu. Kada a gasa da ruwan zafi ko a murza da man zafi a ranar farko, yana ƙara kumburin.

Bugun kai shi ne wanda ba a wasa da shi, musamman gefen kai, tsakanin ido da kunne. Ƙashin wurin siriri ne, kuma akwai jijiyar jini da take bi ta ƙarƙashinsa. In ta fashe, jini yana taruwa a hankali tsakanin ƙashi da ƙwaƙwalwa. Mutum zai iya faɗuwa, ya tashi, ya yi magana lafiya lau, ya ci abinci, bayan wasu awanni ya fara ciwon kai mai ƙaruwa, ya yi amai, barci ya rinjaye shi. Wannan lafawar ta tsakiya ita take yaudarar mutane su ce ya warware. Duk wanda ya suma ko na daƙiƙa kaɗan ne, ko yake amai, ko ya rikice bai san abin da ya faru ba, ko magana ta sarƙe masa, ko wani sashen jikinsa ya yi sanyi, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, a ɗauke shi zuwa sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Daga Samaru tafiya kaɗan ce a kan titin Sakkwato, daga Sabon Gari kuma ta Kwangila za a bi. Kada ya tuƙa babur da kansa. Wanda bai nuna ko ɗaya daga cikin alamun nan ba amma kansa ya yi jiri, ya ajiye atisaye, wani ya kwana kusa da shi yana lura, kuma kada ya koma sai likita ya duba shi. In zai sha maganin ciwon kai, farasitamol kawai. Asfirin da ibuprofen da diclofenac suna iya ƙara zubar jini, tiramadol kuma yana rufe alamun da ake son gani.

Ido in ya bugu kada a murza, kada a ɗiga komai, ko na kemis ko na gida. A yanke gindin kofin roba a kifa a kai yadda babu abin da ke danna idon, a manne, a tafi asibiti. Idan aka ga jini ya kwanta a cikin baƙin idon, a gaya wa likita in mutumin yana da sikila, ko da AS ne, domin irin wannan jini ya fi yi wa idonsu illa. Haƙorin babba in ya fita ɗungurungum, a ɗauke shi ta kansa ba ta saiwa ba, kada a kankare shi, a sa shi cikin madara ko cikin yawun mai shi, a kai ga likitan haƙori cikin awa ɗaya. Sau da yawa ana iya mayar da shi. Bugun maraina da zafinsa bai lafa ba bayan awa guda, ko ya zo da kumburi da amai, kunya ba ta da wuri a nan, domin akwai lahanin da in ya wuce awa 6 ba a gyara shi. Yankan sarƙa ko ƙusa a wanke da ruwa da sabulu sosai, a tambayi allurar tetanus.

Yatsa ko hannu da ya karkace, ko ya ƙi motsi, a ɗaure shi da abin tallafi a sassauce a je a ɗauki hoto tukuna. Na san da yawanmu wajen mai ɗori muke fara zuwa, kuma akwai masu ɗorin da suka gaji sana'ar suka san iyakarsu. Amma karayar da ta shiga gaɓa, ko wadda ƙashi ya huda fata, ta asibiti ce. Kuma duk ɗaurin da ya sa yatsu suka yi sanyi, ko suka canza launi, ko suka daina ji, a kwance shi nan take.

Ga iyaye da yayye: in kun ga yaro da na katako da ƙusa, ƙwacewa kaɗai ba ta magani, gobe zai haɗa wani inda ba ku gani. Ku zauna da shi ku haɗa na soso, ku nema masa malamin karate ko tekwando da ya san aikin, ku je ku ga yadda yake koyarwa. Malamin da ya miƙa wa sabon ɗalibi katako a makon farko, ko ya haɗa yara biyu su gwabza da shi babu kariya, ba wurin barin yaro ba ne.

Yaushe za a koma katako? Lokacin da za ka iya yin duk abin da ka koya, dama da hagu, na tsawon zama guda, kwanaki a jere, soson bai taɓa kanka ko gwiwar hannunka ba. A ranar kuma ka koma gudun da ka fara da shi, domin nauyin ya canza, lokacin isowar sandar ma ya canza.

Kada ka soke nancaku a ƙugu ka fita. A garin da aka sha fama da 'yan sara-suka, ɗan sanda ko ɗan sintirin da ya same shi a jikinka da dare makami zai kira shi, kuma bayanin cewa na motsa jiki ne ba lallai ya fitar da kai ba. In za ka wajen atisaye, ka sa shi can ƙasan jaka tare da kayan wasanka, ka tafi kai tsaye ka dawo kai tsaye. A gida kuma na katakon a kulle shi a akwati, ko a kwance igiyar a ajiye ta daban, yadda ƙanin da ya lalubo shi ba zai sami abin wulwulawa ba.